Tukunyar da Walda Ke Riƙe da Ita

A Kadarash, kudancin Faransa, ana harhaɗa wata tukunyar ƙarfe mai siffar zobe, nauyinta tan 5,200. Ita ce cibiyar aikin ITER, wanda Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu suka rattaba wa hannu a 2006. Burinsu su sami makamashi ta haɗe ƙwayoyin zarra na haidurojin, yadda rana ke yi. Na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da ta fara aiki a 2004, ita kuwa fasa ƙwayoyin yuraniyom take yi.

Kafin a kunna ITER, sai an zuƙe iskar tukunyar kakaf, a zafafa ɗan haidurojin zuwa digiri miliyan 150, maganaɗisu na riƙe da shi kada ya taɓa bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kafar da ido ba ya gani ta isa iska ta kutsa, wutar ta mutu. Shi ya sa ake gwada ɗinkin waldar tukunyar da iskar hiliyom, mai bin kowace irin kafa.

Gida tara aka ƙera tukunyar, kowane kusan tan 440, huɗu a Koriya, biyar a Turai. A 2022 aka bayyana cewa bakunan wasu sun kauce daga awo, saboda zafin walda ya ja ƙarfen. Mai walda a Sabon Birni ko Isa, a Jihar Sakkwato, ya san wannan ciwon. In ya zuba wuta a gefe ɗaya na ƙyaure, sai ya karkace ya ƙi zama a firam, don haka yake ɗosana wuta nan da can kafin ya ja ɗinki. In kuma ƙyauren ya karkace, guduma ke fitar da shi. A Kadarash kuwa, gyaran na cikin abin da ya sa aka ɗage fara gwaji zuwa 2034.

Yaranmu na Kurawa da kewaye masu koyon walda suna da hannu. Ya kamata kwalejojin fasaha na Jihar Sakkwato su ƙara musu karatun zane, da awo, da gwajin ɗinki, sannan su ba su takardar shaida.