Gaskiya ko Jita-jita: Maganganu Shida Game da Hawan Dutse

Daga Bawdeta zuwa Tasawa, har ka zarce Mayahi, ƙasa a shimfiɗe take: jigawa, gonakin hatsi, da gawo jefi-jefi. Amma mutanenmu ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Ci-rani, karatu da fatauci suna kai su Kano, Zariya, Jos da Agadas, alhazai kuma suna hawan Jabalun Nur a Makka. Sukan isa gindin dutse da maganganun da suka taso suna ji, alhali wasu daga cikinsu na iya janyo asarar rai. Ga shida da muka auna.

"Hawan dutse al'adar Turawa ce." Jita-jita. Daga gindin Dala Kano ta faro, kuma Tarihin Kano ya nuna a kan dutsen Barbushe yake zaune. Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara tsofaffin mazaunai ne da kakanni suka fake da su lokacin yaƙi. A Azbin, har yau akwai ƙauyukan Buzaye da lambunansu a kan tsaunin Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Da ƙafa da jakuna aka saba hawa. Abin da ya shigo daga baya shi ne hawa don buɗe ido kawai.

"Saman dutse ya fi zafi, tunda ya fi kusa da rana." Jita-jita. Ƙasa ce ke ɗaukar zafin rana ta ɗumama iskar da ke kanta, don haka duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi, kuma tsakanin Tasawa da ƙololuwar Bagzam ana iya samun ratar digiri 10. A Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419 a dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba, hazo da sanyi ne ke tarbar mutum. Sai dai a can sama hasken rana ya fi ƙona fata da ido. A tafi da rigar sanyi, a kuma tafi da malafa.

"Shan ruwa ana tsaka da hawa yana kashe jiki." Jita-jita mai haɗari. Mai hawa cikin zafi na iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya. Idan bai mayar ba, sai ciwon kai, jiri da ruɗewa su biyo, kuma jiri a bakin gangara ba abin wasa ba ne. Abin da ke kawo nauyin ciki shi ne kwankwaɗar ruwa mai yawa lokaci guda. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama, a haɗa da dabino ko ƙuli-ƙuli.

"Da an kai sama an gama, saukowa ba wuya." Rabin gaskiya. Numfashi yana samun sauƙi, amma nauyin jiki yana komawa kan gwiwa, ƙafa ta riga ta gaji, hankali kuma ya koma gida. Mafi yawan faɗuwar masu hawa a saukowa take faruwa, musamman ga mai silifas a kan tsakuwa.

"Wanda ya yi ta kewaya wuri ɗaya a daji, iskoki ne suka juya shi." Ba ma jayayya da kowa kan imaninsa, amma wannan kewayen yana da dalilin da aka gwada. A wani nazari da aka wallafa a 2009, masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus sun sa mutane tafiya a wani daji na ƙasarsu da kuma hamadar Tunisiya, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda ke ganin rana sun miƙe hanya, waɗanda gajimare ko duhu ya rufe wa sama kuwa suka yi ta zagaye, suna zaton gaba suke ci. Mutumin jigawa ya saba hangen nesa, a cikin kurmi kuwa itatuwa sun toshe masa ido. Da ka ga ka ɓace, ka tsaya inda kake, ka yi kira.

"Idan maciji ya sari mutum, a ɗaure wurin tamau, a tsaga, a tsotse dafin." Jita-jita, kuma ita ce ta fi kowace ɓarna. Kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Tsaga wurin na nufin buɗe wa jini ƙofar da ba za ta rufu ba. Ɗaurin tamau yana hana jini zagayawa har naman ya mutu a yanke ƙafar. Tsotsa ba ta fitar da dafi, baƙin dutsen da ake mannawa ma haka. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire masa zobe da duk abin da ya matse shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. Allurar kashe dafi ce magani, kuma da ita asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ke ceto mutane. Rigakafin kuwa shi ne takalmi rufaffe da sanda, kuma kada a zura hannu cikin ramin da ido bai gani ba.

Duk wanda ya yi niyyar hawa, ya nemi ɗan gari ya ja shi, ya tambayi halin tsaron wurin, domin wasu dazuzzukan ba sa shiguwa yanzu. Ya tashi bayan sallar asuba, ya gaya wa wani inda ya nufa da lokacin dawowarsa. Idan hadari ya haɗo, ya sauko, kada ya fake ƙarƙashin doguwar itaciya saboda aradu. Matambayi ba ya ɓata, muddin wanda ya san dutsen ya tambaya.