Daga Fashanu zuwa dandamalin Broadway: Asalin rigimar bakan-gizo a filin ƙwallo

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Gusau, Tsafe da Bungudu a shekarun baya sun saba ganin wani mako a kakar Firimiyar Ingila da kyaftin-kyaftin ke ɗaura ƙyalle mai launin bakan-gizo a damtse. A ƙarshen shekarar 2024 kyaftin ɗin Ipswich, Sam Morsy, ɗan wasan ƙasar Masar, ya ƙi ɗaurawa saboda addininsa. Kafin shi, a watan Mayun 2022, Idrissa Gana Gueye bai buga wa PSG wasanta da Montpellier ba a ranar da aka sa riguna masu irin wannan launi, har Shugaba Macky Sall na Senegal ya fito fili ya mara masa baya.

A nan gida matsayin doka a bayyane yake. A Gusau aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, kuma dokar tarayya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. To amma me ya sa Turawa suka ɗauki maganar har cikin fili? Amsar tana da alaƙa da wani mai jinin Najeriya.

An haifi Justin Fashanu a Landan a 1961. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Guyana, amma a hannun wasu Turawa ya tashi a yankin Norfolk tare da ƙanensa John, wanda 'yan Najeriya suka fi sani. Ƙwallon da ya zura wa Liverpool a 1980 yana Norwich ita BBC ta zaɓa a matsayin mafi kyau a kakar. A 1981 Nottingham Forest ta saye shi fam miliyan ɗaya, ya zama baƙar fata na farko da aka saya a wannan farashi a Ingila. Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa: ba su jitu da koci Brian Clough ba, raga ta ƙi shi, daga baya ciwon gwiwa ya tasa shi gaba.

A watan Oktoban 1990 ya shaida wa jaridar The Sun cewa shi mai neman maza ne, abin da babu wani ƙwararren ɗan ƙwallo da ya taɓa furtawa. Wanda da ma ya sha ihu saboda launin fatarsa, sai aka ƙara masa da wani, ƙanensa ma ya nesanta kansa da shi. A 1998 wani yaro ɗan shekara 17 ya zarge shi da cin zarafi a jihar Maryland ta Amurka. Ya musanta, ya koma Landan, a watan Mayu aka tsinci gawarsa, ya kashe kansa. Ba a kai ga shari'ar zargin ba. Sai da aka kusa shekara 32 da furucinsa kafin wani ƙwararren ɗan wasa a Ingila, Jake Daniels na Blackpool, ya sake yin irinsa a 2022.

Irin wannan shiru a fagen wasanni shi marubucin Amurka Richard Greenberg ya mayar wasan kwaikwayo mai suna Take Me Out, wanda aka fara nunawa a Landan a 2002, ya lashe kyautar Tony a 2003, aka kuma sake karrama shi da aka dawo da shi a 2022. A kan besbol ya gina labarin, wato wasan da wani ke jefo ƙwallo da ƙarfin tsiya wani ya tare ta da sanda. Darren Lemming gwarzo ne, ruwa biyu, mai kuɗi da farin jini, wanda ya zaci furucinsa ba zai girgiza komai ba. Ashe ba haka ba. Abokan wasa suka fara ɗari-ɗari da shi a ɗakin sauya kaya, wani sabon mai jifa, Shane Mungitt, ya zage shi a gaban 'yan jarida, ya haɗa da baƙaƙe da sauran baƙi. Ƙarshenta ƙwallon da Mungitt ya jefa ta sami kan Davey Battle, aminin Lemming da ke wata ƙungiya, ya mutu. A ganina ƙarfin wasan shi ne bai wanke kowa ba. Shi kansa Lemming girman kansa na da hannu a wannan jini.

Daga irin wannan tarihi ƙungiyar Stonewall ta fara gangamin igiyar takalmi mai launin bakan-gizo a 2013. Masu shirya shi na cewa manufarsu a daina zagi da tsangwama. 'Yan wasa irin su Morsy kuma na cewa ƙin zagin mutum daban, ɗaura tutarsa daban.

Yaron da ke atisaye a Gusau da burin Turai ya kamata ya san hukuncin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ipswich ta ce tana mutunta matsayin kyaftin ɗinta, ba a kuma hukunta shi ba. A Faransa kuwa, da Mohamed Camara ɗan Mali ya rufe tambarin gangamin a rigarsa ta Monaco a Mayun 2024, dakatarwar wasa huɗu aka yi masa.