Shirya Ruwa Kafin a Zuba Kifi a Sabon Tanki

Sabon mazubin kifi, ko akwatin gilashi ne na kifin ado da ake ajiyewa a falo, ko tankin siminti na kiwon tarwaɗa, ba ya karɓar kifi ranar da aka cika shi da ruwa. Sai ya yi makonni tukuna, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, su zauna a cikinsa. Rashin sanin haka ne ke sa 'ya'yan kifi su mutu a makon farko ko na biyu, alhali ruwan garau yake.

Tushen matsalar daga jikin kifin take. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, ragowar abinci da kashinsa kuma suna ruɓewa su ƙara yawanta. A Gulbin Rima da fadamun da ke kewaye da Sabon Birni, Kurawa da Isa, wannan ba ya damun tarwaɗa ko karfasa, domin ruwan yana da yawa, kuma laka da ciyayi cike suke da bakteriyar da ke cinye amoniya. A sabon tanki kuwa, ruwan kaɗan ne, bangon kuma wankakke, saboda haka gubar taruwa take yi.

Aikin bakteriyar hawa biyu ne. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa naitirait. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, a ga kifi yana haki a saman ruwa. Rukuni na biyu, irin su Nitrobacter da Nitrospira, suna mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, ana kuma rage shi da canjin ruwa. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya bayyana aikin waɗannan halittu wajen shekarar 1890. Ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin tsakuwa, soson matatar ruwa da bangon tanki, kuma hayayyafarsu tana da nawa. Shi ya sa shirin kan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Ana farawa da ruwan kansa. Na famfo yakan zo da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriya gaba ɗaya, don haka a kan bar shi ya kwana a buɗe, ko a sa masa maganin da ke kashe kulorin. Na rijiyar burtsatse, wanda ƙauyuka suka fi dogaro da shi, ba shi da wadatacciyar iska, sai an watsa shi daga sama ko an kunna injin hura iska. Daga nan a kunna matata dare da rana, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi a ciki ba. Idan ana gwada ruwan, za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya sauka. Ranar da duka biyun suka koma sifili, naitiret ya bayyana, tanki ya nuna. Ɗebo tsakuwa ko soso daga tsohon tanki mai lafiya yana rage kwanakin jira.

Yanayin ƙasar Gobir, wato yankin su Sabon Birni da Isa, yana da tasiri a nan. Zafi yana hanzarta bakteriya, sanyin hunturu yana rage musu kuzari. Sai dai zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara wa amoniya dafi, haka ma ruwa mai kaifin toka. A digiri 25, idan ma'aunin pH, wanda ke nuna kaifin tokar ruwa, yana kan 7, ɓangaren amoniya mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba; a kan 8 ya kai kusan kashi 5; a kan 9 ya zarce kashi 30. Sabon siminti kuwa yana tsatso farar ƙasa da ke ɗaga ma'aunin. Wannan ne dalilin da masu kiwo ke jiƙa sabon tanki na mako ɗaya ko biyu, wasu da buhun kashin kaji a ciki, sannan su zubar su goge bangon su sake cikawa.

Yawancin tankunan siminti da na tamfol ba su da matata, don haka canjin ruwa a kai a kai shi ne ke kwashe gubar. A akwatin gilashi mai matata kuwa, ko bayan ya nuna, kaɗan-kaɗan ake zuba kifi, domin bakteriyar tana ƙaruwa ne gwargwadon abincin da take samu. Ba a wanke soson matata da ruwan famfo, sai da wanda aka ɗebo daga tankin. Idan kifi ya soma ƙin abinci ko yana haki, a dakatar da ciyarwa, a canza kamar sulusin ruwan, a sa ɗan gishiri, domin yana rage shigar naitirait cikin jini.