An Kawo Rabi, An Soke Rabi: Ina Hakkin Mai Saye?

Dā can, idan uwargida ta tafi kasuwa awon dawa, da idonta za ta ga mudu, da hannunta za ta taɓa tsaba. In mai awo ya rage, nan take za ta ce, "Cika mini, Malam." Yau kuwa kasuwa ta shigo cikin wayar hannu. Mutum yana zaune a Kafanchan ko Biliri, sai ya zaɓi kaya a wani kantin intanet da ke Legas, ya biya, sa'an nan ya zauna jiran abin da bai taɓa gani ba daga hannun wanda bai sani ba. Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama, amma ga shi zamani ya sa muna yi. Sau da yawa kayan sukan iso lafiya. Wani lokaci kuwa sai a kawo rabi, a ce an soke rabi. Haka ya faru a gidanmu.

Abin da ya same mu

Wata bakwai uwargida tana zubin adashi, ni kuma ina tsakurar albashi, domin mu sa wutar sola kafin bazara. Yara biyu suna shirin jarrabawa, wutar gari kuwa sai ta ga dama. Da kuɗi suka taru, muka yi odar faifan sola, da batir, da fanka, da ƙwan fitila uku daga wani babban kantin intanet. Duka naira 185,000, batir kaɗai 95,000. Muka biya, saƙo ya shigo cewa an karɓi odarmu.

Bayan kwana shida mai babur ya kawo kwali biyu. Ga faifai, ga fanka, ga ƙwan fitila, babu batir. Da yamma wani saƙo ya zo cewa batir ya ƙare, an soke wannan sashi, an kuma zuba kuɗinsa a cikin asusunmu na kantin domin mu sayi wani abu. Bayan kwana uku na duba, sai ga batir ɗin nan ya komo, amma a kan naira 118,000.

Uwargida ta yi tagumi ta ce, "Baban yara, mu bar wa Allah. Wa za ka kama a Legas?" Ni ma zuciyata ta so ta yi sanyi. Amma da dare na ga yaran sun koma karatu da tocila, ga faifan sola jingine a bango ba shi da amfani, sai na ce zan binciki abin da doka ta ce tukuna. Ga abin da na samo.

Yaushe ciniki yake faɗawa?

A kasuwa, in ka taya akuya, mai ita yana da ikon cewa "albarka." Sai ya ce "na sallama" kafin ciniki ya faɗa. A intanet ma haka ne. Sa'ad da ka danna oda, tayi ne ka yi. Kantuna da yawa sun rubuta a cikin sharuɗɗansu, waɗannan ƙananan rubuce-rubuce da ba mu karantawa, cewa saƙon farko shaida ce kawai ta jin tayinka, ba su sallama ba sai sun ɗora kayan a hanya. Saboda haka in kaya sun ƙare da gaske, ko kuwa an yi kuskuren farashi a fili, misali an rubuta naira 9,500 maimakon 95,000, yawanci kanti yana da hanyar janyewa. Gaskiya ke nan ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Amma janyewa daban, riƙe kuɗi daban. Wanda ya ce "albarka" ba shi da ikon sa kuɗinka a aljihu ya ce ka zaɓi tunkiya a madadin akuya.

Abin da doka ta ce

Akwai dokoki biyu da ya kamata kowane magidanci a Nijeriya ya san da su.

Ta fari tsohuwa ce, dokar sayar da kaya ta Ingila ta shekarar 1893, wadda muka gāda tun zamanin Turawa. Har yanzu ana aiki da ita a wurare da yawa, waɗansu jihohi kuwa sun yi tasu mai kama da ita. Ta ce idan mai sayarwa ya kawo ƙasa da abin da aka yi ciniki a kai, mai saye yana da zaɓi biyu. Ya iya ƙin karɓar kayan duka, ko kuwa ya karɓi abin da aka kawo ya biya kuɗinsa kaɗai bisa farashin da aka shirya. Ta kuma ce ba a tilasta wa mai saye ya karɓi kaya guntu-guntu sai in ya yarda tun farko. Har wa yau, in ciniki ya riga ya faɗa sa'an nan mai sayarwa ya ƙi kawowa, farashi kuma ya hau, mai saye ya iya neman bambancin da ke tsakanin tsohon farashi da na kasuwa.

Ta biyu sabuwa ce, watau dokar gasar kasuwanci da kāre masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, mai hedkwata a Abuja, a madadin tsohuwar majalisar kāre masu saye da aka kafa a 1992. Wannan doka ta hana sharuɗɗan ciniki na zalunci, ta hana yaudarar mai saye, ta kuma ba shi ikon mayar da kayan da ba su yi daidai da abin da aka kwatanta masa ba. Hukumar ta sha faɗa wa 'yan kasuwa cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a rasit ba ya shafe hakkin da doka ta ba mutum.

In muka haɗa su, ga abin da mai saye zai tsaya a kai. Kuɗin abin da aka soke naka ne, a komar maka da shi kuɗi, ta hanyar da ka biya. Zuba shi a asusun kanti tayi ne kawai, kana da ikon ƙi. In kuma kayan haɗe suke, har rashin ɗaya ya kashe amfanin sauran, kamar faifan sola ba batir, ko murhun gas ba tukunya, kana da hujjar mayar da duka. Ka lura kuma da kuɗin dako da rangwame. In an yi maka rangwame domin yawan sayayyarka, sa'an nan kanti da kansa ya rage odar, kada ka yarda a ɗora maka hasarar.

Yadda za ka bi hakkinka

Da fari, ka ajiye shaida. Ka ɗauki hoton shafin odar da farashinsa tun ranar da ka biya, ka ajiye saƙon banki da lambar oda. In kaya sun iso, ka buɗe a gaban wanda ya kawo, ka ƙidaya. In kana so ka mayar, kada ka yi amfani da su, kada kuma ka yi jinkiri, gama wanda ya riƙe kaya ya daɗe bai ce kome ba, doka takan ɗauka ya karɓa.

Na biyu, ka rubuta wa kantin. Kiran waya yakan bi iska, rubutu ne yake zama. Ka faɗi abin da ka saya, da abin da aka kawo, da abin da kake so a yi maka, ka kuma ba su wa'adi, misali kwana bakwai. Ban da zagi, ban da ƙari a kan gaskiya. Yarinyar da take amsa waya 'yar wani ce, ba ita ta soke odarka ba.

Na uku, in da katin banki ka biya, ka kai ƙara bankinka cewa ka biya abin da ba a kawo ba. Bankuna suna da hanyar janyo irin wannan kuɗi, amma tana da iyakacin lokaci, don haka a hanzarta. In bankin ya yi maka ko oho, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen sauraron kukan masu hulɗa da bankuna. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum kuwa, hanyarsa ta fi wuya. Shi ya sa biya bayan an kawo kaya ya fi kwanciyar rai, in akwai halin haka.

Na huɗu, ka kai kuka wurin hukumar FCCPC. Ana iya yi ta intanet ko a ofishinta. Bayan wannan akwai kotu. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basusuka a 2018, Kano a 2019, waɗansu jihohi kuma sun bi baya. An shirya su domin mutum ya iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Ni a mataki na biyu na tsaya. Wasiƙar fari ba a amsa ba. A ta biyu na ambaci dokar 2018, na ce in wa'adi ya cika zan kai maganar gaba. Bayan kwana tara naira 95,000 suka komo asusun banki. Ban sami batir a tsohon farashi ba, gama sharuɗɗansu sun ce ba su sallama ba tukuna. Muka ƙara kuɗi muka saya a kasuwar garinmu, wurin wanda muka san shagonsa.

Haƙuri ne ko sakaci?

'Yan'uwa, na san abin da yake damun waɗansunmu. Wani dattijo a ikkilisiyarmu ya tambaye ni, "Malam, ya dace mai bi ya yi ta jayayya a kan kuɗi?" Tambaya ce mai kyau. Ubangiji ya koya mana gafara, ya kuma gargaɗe mu a kan ƙaunar kuɗi. Amma Allah ɗin nan ne ya umarci Isra'ila su yi awo da ma'aunin gaskiya, a Littafin Firistoci sura 19. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwa masu rage mudu suna ƙara farashi. Manzo Bulus kuwa, da aka yi masa dūka ba shari'a a Filibi, bai fita a ɓoye ba. Ya tuna wa mahukunta cewa shi Barome ne, har suka zo da kansu suka ba shi haƙuri, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 16 ta nuna.

Kuɗin nan gumin uwargida ne na wata bakwai, mu kuwa masu riƙon amana ne a kan abin da Allah ya ba mu. In ka ga dama ka yafe wa matalauci bashi, ka yi aikin alheri. Amma in tsoro ko ƙyuya suka sa ka bar wa babban kanti kuɗin iyalinka, kada ka kira wannan haƙuri. Ka tuna kuma da gwauruwar da ba ta iya rubuta wasiƙa ba. Duk lokacin da wanda ya iya ya yi shiru, kanti yakan ƙara sabawa da halin, ita ce kuwa za ta sha wuya. Matasanmu da suka san waya, ga wani aikin taimako da za ku yi wa tsofaffi a ikkilisiya.

Mu ma masu sayarwa ne

Mata da yawa a zumuntarmu suna sayar da atamfa da takalma da zuma ta WhatsApp da Facebook. Wannan magana ta shafe ku. In wata ta biya turmi uku, kin sami biyu, ki gaya mata kafin ki aika, ki bar ta ta zaɓa. Kada ki ce, "Kuɗinki yana nan, sai wani zuwa," alhali kin riga kin juya shi. Kada ki soke ciniki domin kin ga farashi ya hau. Haka kuma mai saye, in an komar maka da kuɗi sa'an nan kayan suka iso bisa kuskure, ka sanar da kantin, ka biya ko ka mayar. Mudun da muke so a auna mana da shi, da shi za mu auna wa waɗansu.

Yanzu fitila uku suna ci a gidanmu, yara suna karatu har ƙarfe goma. Uwargida kuwa ta sami wata tsohuwar jakar makaranta ta rataye a ɗaki, a ciki take ajiye kowane rasit. Ina roƙon kowane gida ya yi haka. Ubangiji ya ba mu hikima, mu yi gaskiya cikin saye da sayarwa.