Tsohuwar motar wasa mai rimot daga gwanjo: yadda ake gane mai gyaruwa, da yadda ake tashinta

Duk wanda ya taso a Yagwa, Marwa ko Garwa ya san motar kara da ta gwangwanin kifi, wadda yara ke yanko wa taya daga tsohon silifa, su ɗaura mata doguwar sanda a matsayin sitiyari. Akwai kuma wata motar wasan da kan ɓullo jefi-jefi a shagunan kayan gwanjon Turai, waɗanda a Kamaru ake kira brocante. Tsawonta kamar kamu ɗaya ne, tayoyin bayanta masu ƙuraje, da ɗan fiffike a baya, kuma sau da yawa ba rimot ba batir. Irin wannan kaya kan sauka a Duwala cikin kwantena tare da tsoffin firji da kekuna, daga nan ya hauro arewa. Mai shago bai san ko tana aiki ba, uba ya saya wa ɗansa da arha, bayan kwana biyu yaro ya fasa ta ya zare injin.

Wasu daga cikin motocin nan ba su cancanci wannan ƙarshe ba. An ƙera su ne tun asali domin a riƙa kwance su ana ɗaurawa, kuma mai gyaran rediyo ko na wayar salula a unguwa zai iya tashinsu.

Asalinsu Japan da Amurka ne. A 1979 kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka ya fitar da Rough Rider da Sand Scorcher, yana kwaikwayon motocin da ke tsere a hamadar Baja ta ƙasar Meziko, amma an rage girmansu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Kyosho ya biyo da Scorpion a 1982. A 1984 Tamiya ya saki Grasshopper da Hornet, masu sauƙin kuɗi, su ne suka cika gidajen Turai. A shekarar ce kuma kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da RC10 mai gindin alminiyom ruwan zinare, wadda ta ci gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci a Kalifoniya a 1985. Yaran da suka yi wasa da su a wancan lokaci yanzu sun haura shekara hamsin, shi ya sa ake nemansu a Turai da Japan, ana biyan kuɗi mai kauri kan wadda ba a ɓata ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Motocin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne komai. Iri na farko, kamar na Tamiya da Kyosho, a warwatse ake sayar da su cikin kwali, mai saye ya haɗa da hannunsa. In ka ɗaga murfin za ka ga kowane sashe zaman kansa yake: ga akwatin karɓar saƙon rimot, ga ƙaramin akwatin da ke juya sitiyari wanda ake kira servo, ga na'urar sarrafa gudu, ga inji, duk da wayoyi masu cirewa. Iri na biyu kuwa, kamar akasarin motocin Nikko da Tyco, a haɗe suke fitowa daga masana'anta, kuma komai yana kan faifan lantarki guda ɗaya.

Ga inda wannan ke da muhimmanci. In rimot ɗin iri na farko ya ɓata, sai a sayi sabon rimot da akwatin karɓarsa, a zare tsohon a jona sabon, mota ta tashi. Na biyu in ba rimot ɗinsa, sai dai a cire faifan gaba ɗaya a dasa na wata sabuwar motar wasa 'yar China, abin da ba kullum yake yiwuwa ba, domin injin tsohuwar ya fi ƙarfin faifan. A ganina, wadda ba ta da rimot a cikin iri na biyu ba ta kai a zuba mata kuɗi ba, sai dai don tayoyi da giya.

A juya motar a duba gindinta, sunan kamfani kan kasance a jikin robar. A murza tayar baya da hannu a saurara. In ana jin ƙas-ƙas, akwai haƙorin giya da ya karye.

Wanki da kwancewa

Kada a fara jona mata wuta. A ɗauki hotonta da waya ta kowane ɓangare, sannan a kwance sannu a hankali, kowane sukuru a ajiye shi a murfin kwalba daban. Littattafan haɗin motocin Tamiya suna nan a intanet, zane ne mataki-mataki, kuma na sababbin fitowa akwai bayani da Faransanci a ciki.

Roba mai shekara arba'in ta bushe, ba ta jure garaje. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Fetur, wanda bakanike zai fara miƙa hannu gare shi, yana cin wannan roba har ta tsattsage, saboda haka a bar shi ga sassan ƙarfe kawai. Kan sukurun Japan ya ɗan bambanta da wanda aka saba, sukundireban da bai zauna daidai ba zai cinye kan nan take. Wajen mayar da sukuru cikin roba, a fara juya shi baya kaɗan har a ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan a ɗaure, ba da ƙarfi ba.

Farin garin da ke taruwa a mazaunin batir na rimot yana fita da ɗigon ruwan lemun tsami da auduga. A goge, a bari ya bushe sarai.

Sai batun giris, inda ƙasarmu ta sha bamban da Turai. Cikin akwatin giya da ke rufe ana shafa shi kaɗan. Duk wurin da ke buɗe kuwa, giris da rairayi in suka gamu sukan zama dutsen niƙa, su cinye roba cikin mako guda, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Gara a bar su a bushe. Yawancin motocin Tamiya na lokacin suna zuwa da zoben roba a gatarin taya. Maye gurbinsa da boris mai faɗin milimita 11 da rami milimita 5 shi ne gyara mafi amfani da za a yi wa motar, don gudu zai ƙaru kuma batir zai fi daɗewa.

Batir, inda haɗarin yake

Asalin batir ɗin motocin nan ƙwaya shida ne a jere, kowace bolt 1.2, jimla 7.2, na sinadarin nikel da kadmiyom. Wanda ya zo da motar ya riga ya mutu. Kadmiyom guba ne, kada a fasa shi, kada a jefa shi a wuta ko kusa da rijiya, kuma kada a bar wa yara.

Abin da mai gyara zai fara tunani shi ne ya haɗa ƙwaya biyu na batirin litiyom, irin waɗanda ake zarewa daga tsohuwar kwamfutar hannu ko fitilar sola. Lissafin ya kusa daidai, don biyun suna ba da bolt 7.4. Matsalar ita ce batirin kwamfuta ba a yi shi don jan wuta mai yawa lokaci guda ba, injin motar kuwa in taya ta nutse a yashi yana zuƙar wuta sosai. Ƙwayar takan yi zafi, tana iya kamawa da wuta. Ga shi kuma litiyom ba ya son a zuƙe shi ƙasa da kimanin bolt 3 a kowace ƙwaya, tsohuwar na'urar sarrafa gudu kuwa ba ta san ta yanke ba. A Yagwa, inda zafin Maris da Afrilu kan wuce maki 40, wannan ba abin gwaji ba ne a ɗakin da yara ke kwana. Wanda zai yi amfani da litiyom, to ya sa sabuwar na'urar sarrafa gudu mai yanke wuta da kanta, da cajar da aka yi dominsa, ya yi caji a inuwa a kan siminti yana kallo. Mafi kwanciyar hankali shi ne batirin NiMH mai ƙwaya shida, wanda ke shiga mazaunin tsohon daidai.

Ita tsohuwar na'urar sarrafa gudun tana da wani farin ƙarfe mai rufin tangaran da ke rage wuta. Yana zafi har ya ƙona yatsa, kuma na'urar kan maƙale motar ta tsere ba birki. Canza ta ya fi.

Injin kansa ba ya cika ba da wahala. Grasshopper na da ƙarami mai lamba 380, Hornet na da 540, kuma dangin wannan inji ne ke cikin na'urar huda katako mai batir, don haka masu gyaran kayan lantarki sun san shi. Ɗigon mai ɗaya a kowane bakin sandarsa ya wadatar. Tsohon rimot kuma yana aiki da ƙwayar kiristal guda biyu, ɗaya a rimot ɗaya a mota, galibi a kan mita 27 MHz. In lambobinsu ba su zo ɗaya ba, motar ba za ta ji kira ba ko da komai lafiya yake. Sababbin rimot na 2.4 GHz sun kawar da wannan.

Kayan da suka karye fa? Tamiya ya sake fitar da Hornet a 2004 da Grasshopper a 2005, an sake yin RC10 a 2013 da Scorpion a 2014, kuma yawancin sassan sababbin suna shiga tsoffin. Ƙanana ne marasa nauyi, ɗan uwa da ke dawowa daga Faransa zai iya sako su a aljihun jaka.

Wanda ke tunanin sayarwa wata rana, kada ya sake fenti, kada ya ɓare tambarin jikinta, ya adana kwalin in ya zo da ita, da duk abin da ya cire. Wanda kuwa wasa zai yi, rairayin bakin Logone da rani ya yi kama da filin da aka zana motocin dominsa. Da damina a ɗora ta kan kanta, don kayan lantarkinta ba sa jure ko ɗan ruwan kududdufi.