Kura a Mataki na Nawa Take? Lissafin da ke Ɓoye Cikin Wasan Labari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, a Dambatta ko Bichi ko Kunci, ya san ba a haɗa yaron da ya fara ɗaure hannu bana da gwarzon da ya shekara goma yana kisa. In aka yi haka wasa ya lalace, domin kowa ya san wanda zai sha ƙasa tun kafin makaɗa su taɓa kalangu. Wannan hikimar ta haɗa kowa da tsaransa ita ce ginshiƙin wani wasa da muke son kawo muku a wannan makon.

Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Ba ya buƙatar waya ko lantarki, sai takarda da biro da ƙwaya irin ta lido. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa faɗin abin da zai yi. Ƙwayar ce ke yanke hukuncin ko ya yi nasara.

Matakin jarumi

A sigar wasan ta 2014, jarumi yana farawa daga mataki na 1, ƙarshe kuma mataki na 20. Da makin gogewa ake hawa, wato makin da ake samu bayan an ci wata wahala. Maki 300 ne ke kai mutum mataki na 2, maki 900 mataki na 3, amma na 20 sai an tara 355,000. Kowane hawa yana ƙara wa jarumi juriya da ƙwarewa. Kamar aji ne a makaranta: ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida duk ɗalibai ne, amma ba a ba su jarrabawa iri ɗaya.

Lambar wahala

A nan lissafi ya shigo. Ƙwayar wasan fuska 20 gare ta. Idan jarumi zai yi abin da ka iya gagararsa, jagora ya sa lamba: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, 30 kusan ba ya yiwuwa. Sai a jefa ƙwaya, a haɗa da ƙarin ƙwarewar jarumi. In jimla ta kai lambar, an ci.

Mu ce jaruminki zai tsallake rafi da ya cika a watan Agusta, lamba 15. Ba tare da ƙari ba, fuska shida ce kawai za ta fishshe shi, daga 15 zuwa 20, wato kashi 30 cikin 100. Ɗan mataki na 1 yana da ƙarin 2 a abin da ya ƙware, don haka 13 ta ishe shi, kashi 40 ke nan. Ɗan mataki na 17 yana da ƙarin 6, 9 ta ishe shi, kashi 60. Ku lura, gwanin ma yana iya faɗawa ruwa. Wannan shi ne darasin yiwuwar aukuwa da ke ba da yawanmu tsoro a jarrabawar WAEC da NECO.

Nauyin dodo

Akwai lamba ta uku, wadda aka shigo da ita a sigar 2000, ta auna ƙarfin abokin gaba. Dodo mai lamba 3 ya dace da jarumai huɗu 'yan mataki na 3: za su sha wuya, amma ana sa ran su tsira. Mafi girma a littafin 2014 lambarsa 30. Sai dai lambar ƙiyasi ce kawai. Ƙananan dodanni goma a lungu cikin duhu sun fi babba ɗaya a fili haɗari. Jagoran da ya manta da haka zai hallaka jaruman abokansa a zama ɗaya, gobe kuma ba wanda zai dawo.

Mu gwada namu

Ƙwaya mai fuska 20 tana da wuyar samu a garuruwanmu, amma biyu na lido sun isa. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. Samun 7 ko fiye yana da hanya 21, ku sa shi ga abu mai sauƙi kamar korar awaki daga gonar gyaɗa. Samun 10 ko fiye hanya 6 ce, ku bar shi ga yaudarar Gizo. Samun 12 hanya ɗaya ce tak, wannan na Dodo ne. Kowane mataki ya ƙara wa jarumi 1, kuma a tsaya a mataki na 4.

Mun san akwai iyayen da ganin ƙwaya kan tuna musu da caca, kuma suna da hujja. Saboda haka kada a sa ko sisi, kada wasa ya ci lokacin salla ko Islamiyya ko aikin gona, kuma a yi shi a zaure ko tsakar gida inda manya ke gani. Labaran Turawa cike suke da tsafi, mu kuwa muna da Gizo da Ƙoƙi da Kura, sun wadatar.

Ga aikin gida: a wasanku, wace lamba za ku ba Kura, kuma da wace hujja? Ku rubuto mana da sunan makarantarku, za mu buga amsoshin da suka fi gamsarwa.