Furotin p53 da Yadda Yake Kare Jiki daga Cutar Sankara

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda kullum suke rarrabuwa domin maye gurbin waɗanda suka tsufa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da bayanan gado, wato DNA, masu tsara aikinta. Idan bayanan suka gurɓata, ƙwayar takan yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har ta zama ƙari. Wannan shi ne asalin cutar sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji.

Daga cikin sinadaran da ke tsare jiki akwai furotin p53. An gano shi a 1979, kuma cikin masanan da suka gano shi akwai David Lane na Ingila da Arnold Levine na Amurka. Da farko an zaci haddasa sankara yake yi, sai a 1989 bincike ya tabbatar da cewa hana ta yake yi.

Aikinsa iri uku ne. Na farko, idan DNA ya sami lahani, yakan dakatar da rarrabuwar ƙwayar. Na biyu, yakan zaburar da sinadaran gyara. Na uku, idan lahanin ya fi ƙarfin gyara, sai ya sa ƙwayar ta mutu don kada ta yaɗa illa. To amma idan shi kansa ya lalace, an rasa mai gadi ke nan. Masana sun nuna cewa kusan rabin sankarar da ke kama mutane tana da alaƙa da lalacewarsa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Gubar afalatoksin, wadda hunhuna ke samarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, tana lalata ƙwayar gadon p53 a hanta. Haka kuma ƙwayar cutar HPV tana rusa furotin ɗin, abin da kan jawo sankarar bakin mahaifa. A 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta.

Don haka ya kamata malami ya fahimtar da ɗalibansa muhimmancin busar da amfanin gona kafin a zuba shi a rumbu, da karɓar rigakafi, domin rigakafi ya fi magani.